Takobi ya manta hanyar Maraɗi: me ya sami ƴan kokowar jahar Kantou?

A watan Disamban 2024 birnin Dosso ya karɓi gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na 45. Kowace shekara, jahohi takwas kan kawo ƴan kokowa goma-goma, jimla 80, a nemi mutum ɗaya da zai tafi gida da takobi. A fadoji da tashoshin kabu-kabu na Maraɗi, Tibiri, Aguié da Gazaoua, hirar ta riga ta tashi, sai dai muryar masu yinta ta sauya. A da tambayar ita ce wane ne cikin namu zai ɗauko takobin bana. Yanzu abin da ake tambaya shi ne ko namu za su kai rana ta biyar ba su taɓa ƙasa ba.

Fiye da shekara goma ke nan takobi bai kwana a jahar Maraɗi ba. Ga wanda ya san tarihin wannan gasa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da gwamnatin Seyni Kountché ta shirya gasar farko a Tahoua a 1975, ɗan Maraɗi ne ya fara ɗaga takobin: Yacouba Ango, wanda kowa ya sani da Kantou. Sunansa filin kokowar birnin Maraɗi ke ɗauke da shi a yau, kamar yadda na Dosso ke ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuma da na Langa-Langa. Bayan Kantou an yi Labo Maikafo, aka zo aka yi Oumarou Ali Bindigaou. Tun bayan zamanin Bindigaou kuwa, shiru. Abin da ya fi yi wa mutane ciwo shi ne sau biyu gasar ta zo har gida, a 2012 da kuma karo na 41 da aka buɗe a ƙarshen 2019, kuma sau biyun nan baƙo ne ya naɗe takobi ya wuce da shi, ƴan gari na kallo.

Amsar da ta fi sauƙi a bakin jama'a ita ce Issaka Issaka. Wai ba Maraɗi ce ta lalace ba, Allah ne ya kawo zamanin wani. Akwai gaskiya a ciki. Kadri Abdou na Dosso ya ɗauki takobi sau shida, uku daga ciki a jere: Yamai a 2021, Diffa a 2022, Agadez a 2023. A Agadez ɗin ma ɗan Maraɗi ne, Aibo Hassan, ya tsaya gabansa a karawar ƙarshe. Jahar da ta fitar da mutum har wasan ƙarshe ba a ce mata ta mutu. Kuma Dosso ba ta taɓa zama kanwar lasa ba. Garin su Salma ne.

Amma wannan amsa tana rufe wani abu. Farin takobin da Maraɗi ke ciki ya girmi jerin nasarorin Issaka. A 2012, a filin Kantou, Laminou Maidaba ne ya yi nasara, kuma tutar Agadez yake karewa. A 2014 a Diffa, Yacouba Adamou ya kai takobin Yamai. A 2022 wanda ya kara da Issaka a ƙarshe, Sabo Abdoulaye, shi ma Yamai ya wakilta. Waɗannan jahohi ne da tsofaffin masoya kokowa a Katsinar Maraɗi da Gobir ke ɗauka a matsayin ranar hutu idan ƙuri'a ta haɗa su da Maraɗi. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba jahar Maraɗi mutum sama da miliyan 3 da dubu 400. Agadez ba ta cika rabin miliyan ba, Diffa kuma ba ta kai dubu 600 ba. Ta yaya jahar da ta ninka wata kusan sau bakwai a yawan jama'a, wadda kuma kokowa ke cikin jinin ƙauyukanta, za ta riƙa shiga fili gabanta na faɗuwa?

Sai an fara duba yadda gasar kanta take. Kwana bakwai ana haɗa jaha da jaha har kowace ta gamu da sauran bakwai. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga layin takobi, amma ba ya komawa gida: yana ci gaba da karawa don jaharsa. Ma'ana, gwarzon da kake ji da shi zai iya gamuwa a rana ta huɗu da wani saurayin Tillabéri ko Diffa da ya riga ya faɗi tun ranar farko, wanda ba shi da abin da zai rasa, kuma ya san kayar da babban suna kaɗai ya isa ya sa a san shi a duk faɗin ƙasa, a yi masa ruwan kyauta. Shi mai suna yana kokowa da tsoro, wancan yana yi da yunwa. A irin wannan tsari yawan jama'ar jaharka ba ya shiga fili tare da kai. Mutum goma ne kawai ke shiga, kuma a cikinsu jaha tana buƙatar biyu ko uku da za su iya jure kwana bakwai ba kuskure ko ɗaya.

Nan ne jahohin da ake kira ƙanana suka gane abin da Maraɗi ta yi jinkirin ganewa. Ba sai kana da ƴan kokowa dubu ba. Ka sami goma, ka riƙe su, ka ciyar da su, ka ba su abin yi a tsawon shekara, shi ke nan ka yi daidai da kowa. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa tutar da ɗan kokowa ke karewa ba kullum ita ce ta garin da aka binne cibiyarsa ba. Saurari sunaye da Hausar da ake yi a bakin makirho idan an gama karawa, za ka ji ƙasar Hausa a cikin tawagogin da ke nesa da ita. Saurayin da ya ga layi ya yi tsawo a gida, ko aka tsallake shi a zaɓe sau ɗaya sau biyu, idan wata jaha ta yi masa tayin wurin kwana da abin sawa a baki, zai tafi, kuma ban ga laifinsa ba. Don haka kalmar "raunana" da ake jifan waɗannan jahohi da ita ta daɗe da tsufa. Wani lokacin abin da ke kayar da Maraɗi a fili, irinta ne da ta bari iska ta kwashe.

To amma me ya sa rumbun da ya fitar da Kantou da Labo ba ya cika kamar da? A ganina nan ne ainihin maganar take, kuma ba a birni take ba, a ƙauye take.

Ba a haifar ɗan kokowa a filin Kantou. A dandalin ƙauye ake yin sa, bayan girbi, lokacin da ciki ya cika kuma aikin gona ya yi sauƙi. Wannan gari ya gayyaci wancan, makaɗa su kafa ganga, ƴan mata su yi layi, yaro ɗan shekara goma sha biyar ya ɗaura walki ya gwada ƙarfinsa da sa'ansa na ƙauyen gaba. A nan ake koyon kamu da rashin tsoro, a nan dattawa ke gane wanda zai yi nisa. Duk abin da ya taɓa wannan dandali, bayan shekara biyar ko goma za a ga alamarsa a tawagar jaha.

Dubi gundumar Gidan Roumdji. Tun wajen 2019, da dubun-dubatar mutane suka tsallako daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, yankin ya shiga wata rayuwa daban. An tsugunar da ƴan gudun hijira a Garin Kaka, Ɗan Dadji Makaou da Chadakori, kuma satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa suka biyo su har cikin ƙauyukan kan iyaka na Gidan Sori da Tibiri, da ma gundumar Madarounfa. Wane mai gari ne zai yarda a kafa ganga a tara jama'ar ƙauyuka uku har dare, alhali ba shi da tabbacin kowa zai koma gida lafiya? Samarin da ya kamata a gani a dandali, da yawansu kwana suke suna gadin garke, wasu iyayensu sun tura su birni don kada a ɗauke su. Ƙasar Gobir, wadda ba ta taɓa rasa ƙarfafa ba, ta yi shekaru tana kokowa da abin da ya fi takobi muhimmanci.

A gabas, Aguié da Gazaoua, matsalar wata ce. Can ba bindiga ba ce ta fi korar samari, ƙarancin gona ne. Yanki ne mai cunkoson jama'a, gonar kaka an raba ta tsakanin ƴaƴa, an sake rabawa tsakanin jikoki, har ta kai abin da magidanci ke nomawa ba ya kai iyalinsa ƙarshen rani. Ayar da ake nomawa a wajajen Aguié da Tchadoua tana kawo kuɗi, amma kasuwarta na kallon Najeriya, kuma duk wanda ke da ƴan naira a aljihu ya san abin da ya same su tun 2023. Sakamakon haka, da an ɗaure damin ƙarshe saurayi ya ɗauki jakarsa. Da can cin rani Katsina ne ko Kano, tafiyar yini guda, mutum na iya dawowa don kokowar garinsu. Yanzu Libiya ce, Aljeriya ce, ko ramukan zinariya: Djado tun 2014, Tchibarakaten, sannan Ɗan Issa a nan cikin jaha, inda rami ya rufta da mutane a watan Nuwamban 2021, aƙalla 18 suka rasu. Su wa ke sauka cikin waɗannan ramuka? Masu ƙarfi a jika, ƴan shekara 18 zuwa 30, wato ainihin waɗanda ake nema a fili. Watannin kokowa da watannin tafiya neman kuɗi ɗaya ne, kuma yunwa ba ta jiran alƙalin wasa.

Wani zai ce ai Tahoua ta fi kowa yawan masu tafiya ci-rani, kuma tsaro ya fi lalacewa a Tillabéri da Diffa, amma ga su nan suna taɓukawa. Hakan ne, kuma shi ya sa ba zan ɗora wa talauci da ƴan bindiga dukan laifin ba. Abin da suka yi shi ne sun rage yawan irin da ke tsirowa da kansa. Jahar da ta saba tara ƴan kokowa da hannu ba ta ji wannan rashi sosai ba. Jahar da ta saba su zo mata a ɓagas, ita ce ta wayi gari ba ta iya nema ba.

Zaɓen tawaga yana tafiya ne daga kwamin zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jaha, sannan a killace waɗanda aka ɗauka na ɗan lokaci kafin tafiya. A takarda tsari ne mai kyau. A aikace, duk abin ana yin sa ne a guje cikin makonnin ƙarshe, kuma ya dogara da ko an sami kuɗin mota da na abinci a lokacin. Yaron da ke Gangara ko Saé Saboua, wanda ba shi da mai kai shi, zai iya fin wanda aka ɗauka, ba wanda zai taɓa sani. Kowace shekara kuma ana jin ƙorafin magoya baya cewa suna ya fi ƙarfi tasiri, cewa ana jin nauyin ajiye tsohon da ya yi wa jaha hidima ko da ƙafarsa ta fara nauyi. Ko ƙorafin ya yi yawa ko bai yi ba, yawan maimaituwarsa kaɗai yana kashe wa matasa gwiwa. Akwai kuma ƙarin tambaya: tun watan Afrilun 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, shugabannin riƙo ne ke tafiyar da kwamin-kwamin, kuma daminar 2024 ta bar jahar Maraɗi da ambaliya da gidaje a ƙasa. Kokowa za ta sha wuya kafin ta sami layi a cikin kasafin wanda ke neman inda zai kwantar da mutanen da ruwa ya raba da ɗakunansu.

Sai maganar Alhazai. Maraɗi babban birnin kasuwancin Nijar ce, kuma attajiranta ba su taɓa rowa a fili ba. Idan ɗan kokowa ya yi kaye mai kyau, kafin ya karkaɗe rairayi mai shela ya fara jero kyaututtuka: wane ya ba da jika ɗari, wane ya ba da babur, wane buhunan shinkafa. Abin sha'awa ne, kuma ba a raina alheri. Amma dukan wannan kuɗi yana zuwa ne bayan nasara, gaban kamarar Télé Sahel. Kuɗin da ke yin ɗan kokowa kuwa shi ne wanda ba mai gani: naman watan Yuni, maganin gwiwar da ta gurɗe a watan Agusta, ladan mai horarwa, hatsin da za a bar wa iyali don maigida ya fasa tafiya Djado. Wannan ba a shelanta shi, shi ya sa masu yin sa ba su da yawa. Gaskiya ne kasuwa ta sha duka: Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin CEDEAO bayan 26 ga Yulin 2023 ya sake rufe ta har farkon 2024. Amma ciyar da mutum goma sha biyar na shekara guda bai kai kuɗin tirela ɗaya ta kaya ba.

Ita kanta kokowar ta sauya, kuma wannan ne abin da tsofaffin masoya ba su cika son ji ba. Yau akwai agogo, akwai gargaɗin alƙali ga wanda ya ƙi kai hari, kuma gargaɗin nan yana iya raba gardama ba tare da kowa ya taɓa ƙasa ba. Ƙarfin ƙirji da zafin nama na minti biyun farko, waɗanda ƴan kallon Maraɗi ke so, ba su isa ba idan abokin karawa ya iya jan lokaci, ya iya tsare ƙafarsa, ya jira numfashinka ya ƙare. Duk wanda ya kalli Issaka ya san haƙuri da sanin lokacin kai hannu suna cikin manyan makamansa. Ƙari a kan haka, babu sauran kamun ɓoye. Kowace karawa tana cikin wayar salula, ana tura ta a WhatsApp, ana maimaita ta a Facebook. Mai horarwar Diffa zai iya zama a ɗakinsa ya kalli yadda gwarzon Maraɗi ke shiga sau ashirin, ya gane wace ƙafa yake sa wa gaba. Babban suna a yau yana nufin kowa ya haddace ka, kai kuwa ba ka san yaron da za a tura maka ba.

Game da asiri, wanda shi ne bayanin farko da ake ji a duk lokacin da gwarzo ya faɗi a hannun wanda ba a zata ba, magana ɗaya ta isa: babu jahar da ke zuwa fili ba layu da guraye da ƴan gorunan rubutu. Idan da a nan nasara take, da Maraɗi ba ta yi shekara goma tana jira ba, don malamai da bokaye ba su ƙaura daga jahar ba. Abin da ya fi cancantar a lura da shi shi ne akasin haka. A birni da manyan garuruwan jahar, inda wa'azi ya yi ƙarfi tun shekarun 1980, akwai iyaye da yawa da ba sa son ɗansu ya shiga harkar da suke gani cike da kiɗa da camfi. Ra'ayinsu ne kuma suna da hujjarsu, amma shi ma yana rage yawan yaran da ke ɗaura walki, kuma masu tafiyar da kokowa ba su taɓa zama da malamai a kan yadda za a raba wasan da abin da ake ƙyama a cikinsa ba.

Ana yawan kawo misalin Senegal, inda ƴan kokowa ke zaune a gidajen horo da suke kira ekiri, suna atisaye duk shekara, kuma gwamnati ta buɗe musu babban fili a Pikine a 2018. Ba komai nasu ne zai yi mana ba. Kokowarsu ta manyan kuɗi akwai naushi a ciki, kuma ta zama kasuwar ƴan kwangila. Tamu ta jaha ce, ta tuta ce, shi ya sa mai sayar da goro a Gazaoua ke jin kamar shi aka kayar idan ɗan Maraɗi ya faɗi. Abin ɗauka a wurinsu ɗaya ne: ɗan kokowa ba ya zama ɗan kokowa na wata guda a shekara. Maraɗi na da gundumomi takwas ban da birni. Da a ce kowace ranar kasuwa babba, sau ɗaya a wata daga Nuwamba zuwa Mayu, ana shirya karawa da rana tsaka tsakanin gundumomi, yau a Aguié, gobe a Tessaoua, jibi a cikin garin Gidan Roumdji inda akwai jami'an tsaro, da yaron ƙauyen da aka hana shi dandalin dare ya sami inda za a gan shi, wanda ke shirin tafiya kuma ya sami dalilin jinkirtawa. Ba ya buƙatar izinin Yamai ko na hukumar FENILUTTES kafin a fara. Yana buƙatar reshen jaha, sarakuna, da attajirai uku ko huɗu da za su yarda su biya ba tare da an kira sunansu a lasifika ba.

A gasa mai zuwa kuwa, kada kowa ya auna Maraɗi da ranar ƙarshe kawai. Mutum ɗaya mai baiwa irin Aibo Hassan zai iya sake kaiwa ƙarshe, har ma ya ɗauko takobin, kuma idan hakan ta faru za a yi ta kiɗa daga Tibiri har Gazaoua a manta da duk wannan magana. Ma'aunin da ya fi faɗin gaskiya shi ne ranakun da aka haɗa Maraɗi da Diffa, da Tillabéri, da Agadez, da Yamai: cikin karawa goma nawa ta ci, mutum nawa ne nata ke tsaye bayan rana ta uku, kuma a cikin goman da aka kawo, nawa ne sababbin fuska ƴan ƙasa da shekara 25 da suka fito daga Aguié, Gazaoua ko Gidan Roumdji.